Kwalbar da Ban Ɗanɗana Ba

Lokacin sanyi ne, irin sanyin Landan da kafin la'asar ta yi sakaliya duhu ya rufe gari. Shekarar kuwa ta yi mini nauyi kamar an ɗora mini dutsen niƙa. A cikinta na binne mijina, ya bar ni da 'yarmu Hafsa a unguwar Lewisham, a wani ɗan gidan haya mai bango mai tsatsar ruwa. 'Ya'yana, kafin wannan shekara ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, don haka rubutuna a hankali yake tafiya. Ku yi haƙuri da ni.

Na sami aikin gida a unguwar Barking wurin wata likita 'yar Filato, Madam Ladi. Tana zaune da mahaifinta, Baba Istifanus, tsohon malamin makaranta mai son karanta jarida da tsokana. Da na shigo sai ya ce, "'Yar Kano, yau ma da rowar taku kika zo, ko akwai kunu?" In ce, "Baba, mai nema ba ya zagin mai abu." Kunun gyaɗa nake dama masa. Ya lura ba na miƙa wa kowa abinci sai na ɗanɗana, haka innata ta koya mini, har yakan ce rabin kununsa a cokalina yake ƙarewa.

Da Kirsimeti ta gabato, Madam ta sa aka kafa mata kanta a kusurwar falo don ajiye giyar baƙi. Ta nuna mini tsarin: fararen kwalabe a hagu, jajaye a dama, wiski, giyar Baba mai ƙarfi, can sama shi kaɗai. Kofuna masu dogon wuya ba a goge su da tsumman kicin. In yanka lemun tsami sirara, in tsinke na'a-na'a, in dafa ruwan sukari, kada ƙanƙara ta yanke. Akwai wani gwangwanin ƙarfe da take girgiza haɗin a ciki, cocktail suke ce masa. Har zoɓona mai citta ta ce in riƙa dafawa tana haɗawa. Ta ce, "Maman Hafsa, na san addininki. In ba za ki iya ba ki faɗa, ba zan ji haushi ba." Na ce, "Ba komai, Madam, ai ba sha zan yi ba." Wannan maganar na yi ta maimaita wa kaina har ta kai ni rami.

Mai kawo mana kaya a mota wani ne Bala, Bahaushe ɗan'uwana, baki kamar zuma. Ya gan ni ina kai kwalaben da suka ƙare shara, ya ce, "Anti, arziki kike zubarwa. Ajiye mini su da murafensu." Na ce me zai yi da su? Ya ce fitilun ado ake yi. Zuciyata ta san ƙarya ce, amma na ce ai shara ce. Da abin da ya ba ni na saya wa Hafsa rigar sanyi.

Ba a daɗe ba ya dawo da kwalaben a cike, a rufe tsaf kamar daga kanti. Ya ce, "Ki ɗauko mini na Madam, ki jera waɗannan. Giya giya ce. In an zuba zoɓo da ƙanƙara wa zai gane?" Na ce, "Bala, ba cuta a ciki?" Ya yi dariya ya ce, "To ɗanɗana mana, Anti." Ya san ba zan ɗanɗana ba. Da nan ya kama ni. Har na riƙa ce wa kaina kayan haram ne, ɗaukarsu ba sata ba ce. Ku dubi yadda Shaiɗan ke ɗinka wa mutum riga da zaren addininsa.

Na canja ɗaya, ba wanda ya gane. Na canja wata. Ana gobe Kirsimeti, da ya kawo sababbi, na hau kujera na canja har ta Baba.

Ranar bikin gida ya cika da mutanen cocinsu, ga shinkafa, ga farfesu, ana waƙa, Madam na girgiza gwangwaninta. Baba ya kira ni. "'Yar Kano, miƙo mini tawa. Ba na son wasan yaran nan na ganye da lemo." Shi zallarta yake sha. Ni na sauko da ita, ni na miƙa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Yau kamar ta yi kaifi." Allah ya buɗe mini ƙofa a nan, da na yi magana da an tsira. Sai na ce, "Sanyi ne, Baba." Ya yi dariya, ya ƙara.

Kashegari ya tashi da amai da ciwon kai. Da rana tsaka ya ce, "Ladi, wa ya kashe fitila?" Aka tafi da shi asibiti, da wasu baƙi da su ma suka kwanta. Su sun warke, don nasu gauraye ne. Likitoci suka ce wani sinadarin masana'anta ne a kwalbar, mai ƙone jijiyar ido. Baba ya rayu, idonsa bai dawo ba.

'Yan sanda suka kwashe kwalaben. Wayar Bala a kashe. Da aka tambaye ni ban yi musu ba. Madam ba ta ɗaga murya ba, ta dube ni kawai ta ce, "Maman Hafsa, ke fa kike ba shi kunu." Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Kotu ta ɗaure ni. Hukumar kula da yara ta kai Hafsa hannun wasu mutane, ta girma ba a gabana ba. A gidan yari kicin aka sa ni, kuma duk sanda na kai cokali baki don jin gishiri sai in tuna Baba, in ajiye shi. A can na tuba. Na roƙi Allah gafara, amma na san haƙƙin mutum sai mutum ya yafe, ni kuwa da wane ido zan dubi wanda na raba da nasa?

'Ya'yana, ku ji ni. Ɓarna ba ta zuwa da ƙaho, da kwalbar shara take farawa. In kuka ji kuna ce wa kanku "ai ba ni zan sha ba", "ai ba wanda zai gane", ku tsaya nan. Abin da ba za ku yarda ku kai bakinku ba, kada ku miƙa wa wani. Kuma kada ku ce dukiyar wanda ba addininku ɗaya ba ta halatta gare ku. Waɗannan mutane sun ba ni makullin gidansu.

Bayan an sake ni, wata rana da yamma Hafsa ta zo ta ce Madam ta kira ta. Wai Baba na nemana, ma'aikaciyar da hukuma ta sa take sa mini ido ma ta amince in je. Na ce, "Me ya ce?" Ta ce, "Ya ce tun da idonsa ya tafi bai sha kunun kirki ba, 'yar Kano ta gudu da rowarta." Na zauna a ƙasa na yi kuka. Ban san ko yafiya ce ba, ko so yake ya faɗa mini abin da ya daɗe yana ci masa rai.

Da safe na niƙa gyaɗa, na dama kunu, na zuba a fulas, na hau jirgin ƙasa zuwa Barking. Madam ta buɗe ƙofa, ta matsa gefe na shiga. Kantar nan babu ita, kujerar Baba ce a wurin. Na durƙusa na gaishe shi. Na zuba kofi biyu, na fara shan nawa. Ya karkata kunne, ya ce, "Kin ɗanɗana?" Na ce, "Na ɗanɗana, Baba." Ya ce, "To miƙo." Ya miƙa hannu wajen da ba kowa. Na kamo hannun, na sa masa kofin a ciki.