Aparan Kakanmu

A gidanmu na Madarumfa, in sanyi ya shigo, bayan lisha Kaka takan sa a hura wutar kara a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta. Ita kuwa can take zama ta inda iska ke tasowa, don kada hayaƙi ya taɓa abin da ke cinyarta. Abin nan aparai ne, wato akwatin ɗaukar hoton marigayi kakanmu, wanda ya yi shekaru yana yi wa mutane hoton katin ɗan ƙasa a kasuwa. Babu fim a ciki, amma sai ta ja kunamarsa ta danna, ta sake ja ta danna. Ta ce mai shi ya bar mata wasiyya: in aka daina motsa shi, man da ke ciki daskarewa zai yi.

Daga nan sai ta kwance idon, wato gilashin gaba. Ta hure shi, ta share shi da gashin kurciya, ta yi masa huci, sannan ta zagaya da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki. In za ta goge jikin akwatin, dole wani ya riƙe mata idon, kuma kullum Salisu ne, ɗan baffana. Salisu fa, wanda ke gyangyaɗi da abin a hannunsa! Ni da na san kowace kusa da ke jikin aparan nan, ko da ɗan yatsa ban taɓa shi ba. Shi take kira maigidana, ni kuwa mai ƙaiƙayin hannu. Ana dariya ina yi, amma raina ƙuna yake.

Ran da na gaji na miƙa hannu, sai ta janye, ta buɗe tatsuniya, ta ce, "Ku matso, ga wata nan ta iso da ƙahwarta."

Wai wata tsohuwa ce a bakin tafki, mai ido ɗaya, wanda take cirewa ta ajiye a ƙoƙo in za ta huta. Tana da jikoki mata biyu. Ɗaya malalaciya ce, in an ce ta wanke idon sai ta hure shi kawai ta mayar. Ɗayar kuwa son kakarta ya yi mata yawa. Ta ɗauki idon a ɓoye, ta kai bakin ruwa, ta dirje shi da toka da yashi kamar yadda ake dirzar tukunya, har ya yi ƙyalli. Da tsohuwa ta mayar da idonta, duk wanda ta duba sai ta ga tsagar wasu mutane a fuskarsa. Ta kasa gane ƴaƴan cikinta, ta kore su da muciya, ta ƙare ita kaɗai.

"Wacce ta ɓata shi, ba ƙiyayya ta sa ta ba," in ji Kaka, tana kallona. "So ne yay yi mata yawa."

Yara suka yi ta ƙyalƙyala dariya, ni kuwa na gane da wa ake. Da Kaka ta rasu, baffa ya ce ta bar wa Salisu aparan.

Yau gyaran salula nake yi a Maraɗi, kuma ban yi ƙarya ba in na ce tatsuniyar nan ce ta koya wa hannuna haƙuri. Amma har gobe ban yarda da ita duka ba. Kaka ba ta faɗi abin da ke samun ido in an bar wa malalaci shi ba. Ni na gani. Bara Salisu ya shigo shagona da aparan a leda. Ya sha damina a ƙarƙashin gado, fumfuna ta yi saƙa cikin gilashin, kunamar ta sandare. Na kusa zaginsa. Na kwance shi ɗaya bayan ɗaya, na wanke gilasan da alkol, wato sifirit, na cire tsohon mai na ɗiga sabo. Inda fumfunar ta ci gilashi dai ya ciwu, ba mai gyara shi. Amma da na danna, sai ya amsa da muryarsa ta da.

Da ya zo karɓa, ya jujjuya shi, ya ce, "Laminu, riƙe shi mana. Ni wuri kawai yake cika mani, kai ka ke son shi tun muna yara."

Na ɗauka zan yi murna. Sai na ji kishin nan ya taso sabo, ya ma fi na da zafi. Ashe ya sani tun tuni. Abin da na yi shekaru ina so shi ne Kaka ta miƙo mini da hannunta, ko sau ɗaya, kuma wannan Salisu ba shi da shi da zai ba ni.

Na ce masa a'a, ba ni aka ba ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya rataya shi a kan moto, wato babur ɗinsa, ya kama hanyar Madarumfa.