Abdulhamid da Irin Geron Tungar Marke

Duk wanda ya saba bin layin masu hatsi a kasuwar Talata Mafara ya san Abdulhamid, ko da bai riƙe sunansa ba. Dattijo ne dogo mai ɗingishi a ƙafar hagu, yana zama a bayan tabarma ɗaya da zangarnun gero jere a kanta. Iri kawai yake kawowa, saboda haka sai bazara ta yi ake ganinsa. Mutanen garinsu suna kiransa Sarkin Yaƙi.

An haife shi a Tungar Marke, wani ƙaramin gari a ƙasar Maradun. Ya shiga soja yana saurayi, ya kai kofur, ya bar aiki da rauni a ƙafa, ya koma gonar mahaifinsa. Da 'yan bindiga suka fara addabar yankin, sai aka ɗora masa shugabancin masu tsaron gari, domin shi kaɗai ne a cikinsu ya taɓa ganin yaƙi. Ya ɗauki Nagode, abokinsa tun na ƙuruciya, a matsayin mataimaki. Suka sa aka kewaye garin da rami mai zurfi, aka bar ƙofa ɗaya. An sha kawo musu hari, ba a taɓa shiga ba.

A shekarar ƙarshe maharan suka sauya dabara. Tun kafin ruwan farko suka zauna a kan hanyoyi da bakin gonaki, suka hana shiga da fita. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, amma ba wanda ya iya kai sungumi gona. An nemi ɗauki ta waya, bai iso ba. Rumbuna suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Mutanen Tungar Marke suna da wani gero mai saurin nuna da suka gada daga kakanni. Ranar girbi maigida yakan zaɓi zangarnun da suka fi cika, ya ɗaure su daban, a rataye su a saman madafa inda hayaƙi zai hana ƙwari. Wannan shi ne irin baɗi, kuma ko a shekarun yunwa ba a taɓa saukar da shi don a ci ba.

Wata hantsi Abdulhamid ya dawo daga bakin rami, ya tarar da matarsa Taibatu ta sauke damin iri, ta jawo turmi.

Ya ce, "Taibatu, mi za ki yi da wanga?"

Ta ce, "Abin da ka gani, Malam. Jikokinka tun jiya ruwan kuka ke cikinsu. Kuma kada ka dube ni haka, ba ni na fara ba. Gidan Nagode sun riga sun cinye nasu."

"Ki ba ni zuwa la'asar."

"Na ba ka. Amma turmin ba zan mayar ba."

Bayan azahar ya tara manyan gari a gindin marke. Ya ce musu ramin zai iya ci gaba da tsare su, amma idan sauran irin ya shiga turmi, ko maharan sun tashi gobe babu abin da za a shuka, kuma yara ba za su kai kaka ba. Shawararsa ita ce a ba da garin, a fita da rai da abin da ya rage na iri.

Nagode ya miƙe. Ya ce, "Soja guda, ka miƙa wa ɓarayi gari da hannunka? Kaburburan iyayenmu fa?"

Abdulhamid ya ce, "Su suna wurin Ubangijinsu, ba sa jin yunwa. Masu rai aka ba ni tsaro."

Mai gari, wanda tsufa ya riga ya ci ƙarfinsa, ya ce Abdulhamid aka ba jagoranci, shi zai yanke. Ya yanke. Ya kira shugaban maharan ta waya, suka daidaita a kan za a bar musu garin da shanu da bindigogi, su kuma su bar mutane su wuce ta hanyar Maradun da abin da kai zai iya ɗauka. Ya umarci duk gidan da ke da sauran iri ya fara ɗaure shi kafin tufafi da tukwane. Ya san za a iya karya alkawarin, saboda haka shi ya shige gaba, hannuwansa a buɗe. Ba a karya ba, kuma har yau yakan ce bai san dalili ba sai ikon Allah.

A wajen Damri, cikin ƙasar Bakura, aka ara musu gonaki. Masu gari suka ce an makara, damina ta yi nisa. Geron bai ba su kunya ba, ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Daga shekarar nan manoman yankin suka fara neman irinsa. Nagode kuwa ya raɗa wa Abdulhamid suna Sarkin Gudu, ya daina gaishe shi, kuma wasu sun taya shi.

A bazarar da ta wuce ina zaune kusa da tabarmarsa sai ga Nagode. Ya tsaya ya yi gaisuwa mai tsawo, har ya tambayi lafiyar Taibatu da jikoki, sannan ya ce, "Sarkin Gudu, an ce kana da iri."

"Akwai, amma na waɗanda ba su cinye nasu ba ne."

"Yunwa ta ci, ba ni ba."

Abdulhamid ya daɗe yana juya zangarnun, ya ware mafi cika, ya ɗaure masa. Ya ce, "Ka rataye inda hannunka ba ya kaiwa." Nagode ya yi dariya, ya zauna a gefen tabarmar, bai tashi ba sai da aka kira sallah.

Da ya tafi na tambayi Abdulhamid ko yana kewar Tungar Marke. Ya ce yana kewar inuwar marken, kuma idan hanya ta buɗe yana da abin da zai shuka a can. Sannan ya juya wajen wani manomi daga Dosara da ke tambayar ko geron yana son jigawa.