Ciyawar Bayan Ɗakin Inna

Wata safiyar Lahadi, a tsakiyar bazarar shekarar da nake aji huɗu a lakwal, na durƙusa a bakin zauren gidanmu na Tasawa ina kallon allurar kwantar ruwa, mitar da ke ƙirga ruwan pamponmu. Baba ya rufe pampon tsakar gida da na makewayi, ya hana kowa taɓa ruwa, sannan ya ɗaga murya daga ciki: "Rabi, tana motsi?" Na daɗe ina dubawa don kada in yi kuskure. Tana motsi, a hankali, kamar numfashin mai barci.

Wannan duba al'adar Baba ce duk Lahadi. Yakan bi pampo ɗaya bayan ɗaya, ya murɗa, ya saurara, in kai yana ɗiga ya yanko robar tsohuwar tayar keke ya sake masa. Yakan zura kara cikin rariya ya fitar da ƙaiƙayin gero da dusar da wanke-wanke ya tara. Sa'annina suna waje suna carafke da gaɗa, ni kuwa da ba ni da yawan magana nakan ajiye littafina in tsare masa allura. Yakan ce, "Ruwan da ba ka ganin fitarsa shi ke cin gini." Tun da na fara tsaron, ban taɓa ganin ta motsa ba sai ran nan.

Baba ya ɗauki wani dogon ƙarfe, yana dasa kansa a ƙasa, yana kara ɗaya kan a kunne, yana bin hanyar tiyon da aka binne zuwa makewayi. Da ya iso bayan ɗakin Inna sai ya tsaya. Can gindin bango akwai ɗan wuri da bai fi faifai biyu ba, ciyawa ta fito shar, alhali ko a gonakin dangin Inna na Hawandawaki babu ɗanyen tsiro a lokacin. Duk gidan mun san wurin. Nan aka binne ƙanena bayan girbi, jaririn da bai kai ranar suna ba. Inna ba ta taɓa kuka gabanmu ba, amma tun da ciyawar ta fito take ɗaure akuyarmu nesa, in tana shara kuma sai ta kewaye wurin. Matan maƙwabta suna leƙowa su ce, "Allah ne ya sanyaya mashi makwanci." A lokacin ne Inna ta koma cin tuwo sosai.

Ko tsufa ne ya huda tiyon, ko bakin fartanya ne ya taɓa shi ran da aka yi haƙa, ba wanda ya sani. Abin da Baba ya gani shi ne laima ta hau bangon ƙasa har gwiwa, yana marmashewa in an shafa, ga damina tafe, kuma a bayan bangon nan Inna da ƙannena biyu suke kwana. Inna ta fito daga madafa ta gan shi da ƙarfe a kunne. Ta ce, "Malam, ba a taɓa mini wurin nan." Ya ce, "Ginin zai faɗo maku, Hadiza." Ta koma ga tukunyarta. Sati ya zagayo ba a sake tada zancen ba, ni kuwa duk sanda zan wuce da bokiti sai in ji kamar ƙasar tana yin wani siririn sauti, in ƙara sauri.

Da mai gyaran pampo ya zo, ya ce aikin ɗan kaɗan ne, a tone a ɗaure wurin. Baba ya ce ba za a tone ba. Ya sa aka yanke tiyon tun daga pampon tsakar gida aka toshe, aka ja sabo a sarari ta ɗaya bangon, aka bar tsohon a ƙasa inda yake. Ya sake kirana, na duba allurar na ce ta tsaya. Bango ya bushe, ya kai damina lafiya. Ciyawar ma ta bushe tun kafin hadarin farko. Inna ta tsaya a kanta da tsintsiya a hannu, ba ta share ba. Washegari na ga ta juye sauran ruwan butarta a wurin bayan alwala.

Yanzu Baba ya rasu, ni kuma ina karatu a Maradi. An yi wa tsakar gida siminti, sai ɗan wurin nan da ya ce a bari, kuma har yanzu Inna tana juye masa sauran buta, ko da yake ba abin da ya sake tsirowa. In na zo hutu, ni ke rufe pampuna ran Lahadi in durƙusa bakin zaure, ba mai tambayata daga ciki. Allurar ba ta motsi, amma nakan daɗe ban tashi ba.