Rigar Tseren Barasa a Teburin Nekesa

Kowa a filin tseren motoci na Naivasha ƙofar motar da ta lotse yake kallo. Nekesa kaɗai ta lura ƙanenta Barasa, direban motar, ya kasa riƙe kofin shayi, ga gumi ya bushe ya bar farin gishiri a wuyan rigarsa.

Tela ce a bayan kasuwa. Da ɗinkin kayan makaranta da na mawaƙan coci ta raini Barasa bayan rasuwar iyayensu, kuma ɗinki bai taɓa gagarar ta ba sai washegari, da ya shimfiɗa mata rigar tseren. Riga ce haɗe da wando, yadi ninki uku, irin wanda wuta ba ta saurin ci.

"Dada, farke min hammata da baya, iska ta samu hanya," in ji shi. Dada yake kiranta, wato Yaya.

"Ba don gudun wuta ka saye ta ba?"

"Wutar da ban taɓa gani ba? Jiya zafi ya raba min hanya biyu, na bi wadda babu. Shi ne na daki dutse."

"Da tuƙin matatu, bas ɗin haya, ka riƙe, ai da fasinja ne kawai damuwarka."

Ya yi dariya ya fice, ya ce ranar Asabar akwai wani tseren.

Da rana ta take, Nekesa ta rufe shago ta saka rigar. Kafin ta gama kalmasa siket ɗaya gumi ya kai mata idon sawu, allura ta zama biyu a idonta. Ashe yaron bai yi ƙarya ba. Ta tuɓe, ta ɗauki almakashi. Sai idonta ya faɗa kan dutsen guga. Ta ciro garwashi ta ɗora a bakin hannun rigar, ya bar ɗan tabo kawai. Ta ɗora shi a kan ƙyallen atamfa, nan take ya huda.

Ta ajiye almakashin. Ta sake ɗauka. In ta farke, ta buɗe wa wuta ƙofa. In ta bari, zafi ya sake raba masa hanya. To wanne ne zai riga zuwa?

Ranar Asabar ta miƙa masa rigar yadda ya kawo ta.

"Dada, kin dafa ni!"

"Wataƙila. Ni ma ban sani ba."

Ta zuba gishiri da sukari a gorar ruwan sanyi, ta girgiza, ta tsaya a kansa har ya shanye.