Kifin Baɗi

Wata Asabar ce a tsakiyar zafi, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Baba ya ɗora ni a bayan kekensa daga Tishigu zuwa tafkin da ke can gaba da Gbalahi. Ranar buɗe su ce, wato kamun kifin gayya na shekara. Tun daga nesa muke jin kiɗan Dagombawa, muka tarar bakin ruwa ya cika maƙil, maza da homa a kafaɗa, mata da kwanduna. Tindana, dattijon da ke riƙe da ƙasar wurin, ya taɓa ruwa da sandarsa, sai kowa ya afka. Ruwan bai wuce gwiwar babba ba, ni kuwa har ƙirji. Muna tattaka taɓo ruwa yana damewa, kifi ya rasa yadda zai yi sai ya taso sama. Tarwaɗa ta mare ni da wutsiya, kurungu ya soke ni a yatsa, na kurma ihu. Mma tana daga gefe tana ƙyalƙyala dariya: "Ke Balkisu, ke kika zo kama kifi ko shi ya zo kama ki?"

Tafkin nan kwari ne kawai a bayan kogi. Idan kogi ya cika da damina, ruwa yakan bi wani siririn rafi da muke kira maƙogwaro ya shigo, ɗauke da 'ya'yan kifi ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Su shige cikin ciyawa su yi ta girma, ba mai jefa ko fatsa har zafi ya yi. Baba aka ɗora wa tsaron wurin, kamar yadda aka ɗora wa mahaifinsa, don kakanninmu masunta ne daga Kabi. Ba albashi, kwandon farko dai nasa ne ranar su. Dokarsa ɗaya ce, kuma mun haddace ta: "Kifin da bai kai tafin hannu ba, ba naka ba ne, na baɗi ne." Bayan an gama su, gidanmu yakan koma gidan banda. Ni ce ferar karfasa, ni ce neman itace, ni ce korar magen maƙwabta. Kayan makarantata suka riƙa warin hayaƙi, yara suna tsokanata da 'yar banda, ni kuma ban da haƙuri, kusan kullum sai na dawo da yagaggen hijabi.

Sai aka fara raba gidan sauro kyauta a asibiti. Wayyo! Abin alheri, amma mu ya zame mana masifa. Wani ya gano cewa idan aka shimfiɗa shi a maƙogwaro lokacin da ruwa ke shigowa, ko ɗan kifin da ido bai gani sosai ba ya tsira. A kwashe su buhu-buhu, a shanya, a kai kasuwa a auna da gwangwani. Baba ya yi ta sintiri da keke. Ya cire wannan raga yau, gobe ya tarar da uku. Ya kai ƙara wajen tindana, tsoho ya ɗaga hannu ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Yara yanzu ba ya jin magana." Abin da ya fi ci masa rai, cikin masu shimfiɗar har da Baffa Sule, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. Baffa bai ko ɓoye ba. "Yaya, in ban kwasa ba wani zai kwasa. Yarana ba za su ci baɗi ba."

Wata rana da yamma Mma ta ajiye wa Baba tuwon zafi da miyar ayoyo. Ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya sa yatsa cikin miyar ya ɗago wani ɗan kan kifi da bai daku ba. Bai ɗaga murya ba. "Ramatu, har da ke?" Mma ta ce shi ne mai araha a kasuwa, kowa shi yake saya, me za ta yi? Ya wanke hannunsa ya tashi. Ni ce kuwa na daka kifin nan a turmi da hannuna. Har yau ban iya cewa Mma ta yi laifi ba, kuma har yau haushin bai sake ni ba.

Su na ƙarshe da na je, ina ajin ƙarshe na firamare. An yi kiɗa, tindana ya taɓa ruwa, muka afka kamar kullum. Muka tattaka taɓo har ƙafafunmu suka mutu. Kwaɗi, gaiwa ɗaya-ɗaya, da 'yan karfasa da ba su cika kwando ba. Ko su tsaya su yi kunya? Ina! Sai gunaguni ya tashi, wai mai tsaro ne ya riga kowa ya kwashe kifin ya sayar. Waɗanda suka tace maƙogwaro da gidan sauro su suka fi kowa ɗaga murya. Na ɗebi taɓo zan watsa wa wani ƙato, Baba ya riƙe mini hannu. Ya je gaban tindana ya durƙusa, ya ce a nemi wani mai tsaron. Ba a samu wani ba, don ba sauran abin tsaro.

Yanzu idan yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, ta bi da ni ta wajen, masu buga bulo nake gani suna jan ɗan ruwan da ya rage da inji. Kifin gidana na ƙanƙara ne, daga teku, a kwali, kuma yarana sun ɗauka haka Allah ya halicce shi. Baba kuwa, da ya bar ruwa, aikin da ya samu shi ne gadi a wani shagon kifin ƙanƙara a Sagnarigu, kuma a kansa ya tsufa, Allah ya jiƙansa. Can dai ba wanda ya taɓa ce masa ɓarawo.