Layata a Ƙarƙashin Tsummoki

Mun tashi da asuba daga unguwar Bitoriya, a nan ƙetaren teku inda aka kawo mu bauta, ni da ƙarin da ya tsiro mini a kafaɗa, ya kai girman gwanda. Shekara talatin ina ɗaukar Turawan Fotugal a kujerar kafaɗa, ran nan sai ga ni a ciki, abokan aikina biyu na nishi. Na ce su bi a hankali, babban mutum suka ɗauko. Na bayan ya ce, "Malam, ƙarin ne babba."

A hanya mata na suyar ƙosai da manja. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa bai ƙanƙance ba, ga shi likita ya hana ni karyawa. Muka wuce Ladera da Farasa, wato gangaren da 'yan'uwanmu Musulmi suka fara bore tun ina da baƙin gashi. Nan na shafa damtsena. Na manta ban cire layata ba! Tun boren nan, rubutun Larabci a jikin baƙar fata na iya kai shi hannun 'yan sanda.

A asibiti na tarar da runduna guda saboda kafaɗa ɗaya: likita mai wuƙa, mai ɗiga maganin barci a ƙyalle, mai riƙe wuyan hannu yana kallon agogo, da ƙarti biyu na danniya. Sai wata dattijuwa Bayarabiya mai jinya, ta jera soso da zare da allura.

Ita ta tuɓe mini riga. Ta ga layar, ta dube ni. Likita na naɗe hannun rigarsa, ya juyo. Kafin ya ƙarasa juyowa ta tsinke igiyar, ta cusa layar ƙarƙashin tsummokin tsane jini.

"Ja numfashi, Baba," in ji ta.

Na fara addu'a, da yake karatuna izu biyar ne ban yi nisa ba.

Na farka ba ƙari. Maƙwabcin gadona ya rantse likita bai taɓa neman abu ba, sai dai ya miƙa hannu ya tarar dattijuwar ta riga ta sa masa. Kwana tara tana wanke ciwon, ni kuwa ban tambaye ta layar ba.

Da ƙafata na dawo gida. Da matata ta kwance ɗaurin ƙarshe, sai ga layar ta faɗo, da sabuwar igiya. Abin da na koyo: in ka shiga ɗakin yanka, gai da mai wuƙa, amma mai tsummoki za ka durƙusa wa.