Takardar da Malam Falalu Ya Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, ina cikin aji a makarantarmu ta Miga, aka kira ni a waya aka ce Allah ya yi wa Malam Falalu mai gyaran kwamfuta rasuwa a Dutse, bayan jinyar kwana biyar. Na ajiye alli na fita, na rasa wanda zan fara gaya wa.

Malam Falalu, yau da kai zan yi magana, domin akwai baƙar maganar da na faɗa maka wadda ban samu na janye ba.

Mutanen Dutse sun san shagonka, ɗan ƙarami, benci ɗaya da fanka mai ƙara. Sun kuma san cewa rabin masu zama a bencin nan ba gyara ya kawo su ba, shawara suka zo nema kafin su sayi abu ta intanet, kuma ba ka taɓa karɓar ko sisi a kan shawara ba. A gabana wata dattijuwa ta shigo tana murna, wai an kira ta an ce ta ci kyautar firji, lambar da banki ya turo mata kawai za ta karanta musu. Ka sauke murya ka ce, "Hajiya, wannan lambar ko ni na tambaye ki, kada ki ba ni." Ta tafi tana ƙunƙuni ka hana ta firji. Bayan mako guda, da ta gano 'yan damfara ne, ta aiko maka da kwanon fura.

Ni abin da ya kai ni wurinka Zinariya ce, ɗalibar da ta fi kowa ƙoƙari a makarantarmu. Bara ta je jarrabawar shiga jami'a, wadda a kwamfuta ake yin ta, alhali ba ta taɓa dafa kwamfuta ba tunda aka haife ta. Ta san amsoshin, amma hannunta ya yi ta rawa a kan maus, abin danna amsa, har lokaci ya ƙare. Mahaifinta ya ce sau ɗaya ya rage mata, in ta sake faɗuwa a bana, karatu ya ƙare. Shi ya sa mu malamai muka haɗa abin da ya sawwaƙa don mu samar wa yara kwamfutar koyo kafin Afrilu.

Na zo maka da hoto a waya, wata ƙatuwar kwamfuta mai fitilu kala-kala, an karya farashinta warwas. Ko kallon kirki ba ka yi mata ba. Tambayarka ta farko ita ce, "Malam Misbahu, wace wuta kuke da ita a Miga?" Na ce sola ce da batir ɗaya. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce wannan dokin zai shanye batirinmu kafin a gama taron safe. Sannan ka nuna mini cewa shafin mai sayarwar bai fi sati uku da buɗewa ba, ba adireshi, kuma duk masu yabonsa rana ɗaya suka yi rubutu. Na ji kunya ƙwarai, amma ban nuna ba.

Ka yago takarda ka jera kayan da za mu saya ɗaya-ɗaya mu haɗa da kanmu, kowanne da lambarsa: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, marar cin wuta, allon da zai karɓe ta, ram mai riƙe aikin da ake kan yi, ma'ajiyar bayanai, akwatin wuta. Ka ce kayan kwamfuta sai an binciki dacewarsu tun kafin a haɗa su, kamar yadda ake bincike kafin aure. Ƙa'idarka kuwa ba ta canzawa. Ba a biya sai kaya sun iso, ba a buɗe kwali sai a gaban wanda ya kawo shi, waya tana ɗaukar bidiyo. Duk abin da ya iso lafiya sai ka sa masa alama da jan biro.

Wata biyu muna haka, alamomi suka cika saura ɗaya, wato ram. Ranar Litinin, 6 ga wata, ya iso. Na baro Miga a kan babur ina ganin yau zan koma da kwamfuta. Ka buɗe, ka ɗaga shi saitin haske, ka ce haƙoransa da ke shiga allo sun goge, tsoho ne aka manna wa sabuwar takarda. Ka mayar wa mai kawo saƙo. Raina ya ɓaci, na ce maka, "Malam, tsirfarka ta yi yawa. Ba 'yarka ce za ta faɗi ba, shi ya sa." Ba ka rama ba. Ka ce, "In ya mutu ana saura sati jarrabawa, wa zai kalli idon yarinyar nan, ni ko kai?" Na hau babur ko sallama ban yi maka ba. Ina can ina fushi ka kwanta jinya, ban sani ba, ban kuma kira ba. Wannan abu yana cina har yanzu.

Ranar addu'ar uku, mai ɗakinka Malama Safina ta aiko mini da ambulan ta hannun yayanta. Takardar nan ce, ta yi laushi saboda ninki. A ƙasan jerin ka ƙara rubutu, hannun ba daidai yake ba, da alama a kwance ka yi shi: "Malam Misbahu, na sake oda a wani wurin, na ba su lambarka. Kada ka biya sai ka buɗe. Duba haƙoran. In za ka dasa, danna har ka ji ƙas gefe biyu, ba zai karye ba. Zinariya za ka fara zaunarwa."

Ranar Asabar saƙon ya iso. Na tsayar da mai kawowa, na ba shi wayata ya riƙe, na buɗe a gabansa. Na ɗaga saitin haske yadda na ga kana yi, na gwada lambar da ta takarda harafi-harafi. Yayan Malama Safina ya buɗe mini shagonka, na dasa ram ɗin, na danna, na ji ƙas, na sake jin ƙas. Kwamfutar ta tashi. Na zauna a bencinka na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Yanzu tana ofishin malamai a Miga, batir ɗaya yana riƙe ta har la'asar. Yara goma sha bakwai ke layi a kanta. Zinariya ta daina rawar hannu tun kwana na uku.

Allah ya jiƙanka, Malam Falalu, ya yafe maka kura-kuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa duk yaron da ya koyi abu a kan wannan kwamfuta ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Iya, da Malama Safina da 'ya'yanku, da duk masu zama a bencin nan. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Takardar tana manne a bango saman kwamfutar. Alamomi huɗu naka ne. Ta biyar ni na sa, da jan bironka da na tarar a kan tebur, kuma ina sa ta ina cewa ka yafe mini.